YADDA A KE FARA KAI YARO FARAUTA YA KOMO LAFIYA

A Unguwar Sanusi, cikin garin Kaduna, akwai magidanta da yawa waɗanda a ƙauye aka haife su, neman abinci ya kawo su birni. Waɗansu masu gadi ne, waɗansu leburori, waɗansu 'yan kasuwa. Amma da kaka ta yi, aka kau da amfanin gona, ciyawa ta soma bushewa, sai ka ga hankalinsu ya koma gida, ba su da zance sai na farauta. Wani kuwa yana da ɗa mai shekara 12 ko 13, kullum yana damunsa da roƙo, yana cewa, "Baba, bana dai ka tafi da ni." Uban ya rasa ta cewa. In ya hana shi, yana tsoron ya sulale ya bi samari ba da saninsa ba. In ya yarda, yana tunanin abin da zai faɗa wa uwar yaron in wani abu ya same shi.

Domin irin wannan uba aka rubuta wannan ɗan littafi. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sabo da haka ba abin mamaki ba ne ɗan maharbi ya so daji. Abin da za mu nuna guda ɗaya ne. Yaro yana zuwa daji da fari domin ya koyi gani, da ji, da haƙuri. Makami shi ne abu na ƙarshe da za a sa masa a hannu.

Namun da a ke nema

Kafin yaro ya fita, ya kamata ya san sunan kowane nama da halinsa.

Gada ita ce ƙarama, ba ta fi 'yar akuya ba. Ita kaɗai ta kan yi yawo, in ta firgita sai ta yi tsalle ta nutsa cikin duhuwa. Ita ce ta fi saura yawa a ƙasarmu, gama tana iya zama kusa da gonaki. Mazo ya fi ta girma, jikinsa ja ne da farin zane da ɗigo-ɗigo, yana son kurmi da bakin rafi. Namijin ne kaɗai ke da ƙaho, kuma in an yi masa rauni ya kan juyo ya soki kare ko mutum. Kwanta-rafi yana cikin dogayen ciyayin fadama. Mariya ta kan yi garke a fili kusa da ruwa. Gwanki babba ne, ya kusa doki, da namijin da macen duk suna da ƙaho mai lanƙwasa baya, ba kuwa abin wasan yara ba ne. Barewa ta fi son ƙasar arewa mai rairayi, yanzu kuwa ta yi wuyar gani ƙwarai.

Akwai wani nama a Turai da Amurka wanda mu masu juya magana mu kan kira barewa, domin ba mu da wani suna da za mu ba shi. Amma iri dabam ne. Ƙahon namijinsa yana da rassa kamar itace, kowace shekara ya kan zube, wani ya tsiro. Namun ƙasarmu kuwa ƙahonsu ba ya rassa, ba ya kuma zubewa.

Dukan waɗannan namun, ɗa guda mace ta kan haifa a haihuwa ɗaya. Wanda ya harbe mace mai ciki ko mai shayarwa ya kashe biyu ke nan, ya kuma rage abin da ɗansa zai samu baɗi. In yaro ya tarad da ɗan gada kwance cikin ciyawa shi kaɗai, kada ya ɗauka. Ba maraya ba ne, uwar ce ta ɓoye shi ta tafi kiwo.

Doka da wurin zuwa

Daji ba kamar da ya ke ba. Sunan Kaduna ma daga kadduna aka samo shi, domin yawansu a kogin, amma yau sai mutum ya yi tafiya mai nisa daga gari kafin ya ga sawun mazo. Sabo da ƙarewar namun daji aka yi dokoki. A shekarar 1963 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar namun daji, ta lissafa waɗanda ba a taɓawa sam, da waɗanda sai da lasin. A shekarar 1985 kuma Gwamnatin Tarayya ta yi wata doka, ta hana farauta da dafi, da wuta, da mota, da farautar dare. Dokar bindigogi ta shekarar 1959 ta ce ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba lasin riƙe bindiga. Ka ga ke nan, ɗan shekara 13 ba shi da hurumin bindiga, ko ta ubansa ce.

Akwai kuma gandayen da aka keɓe, ba a farauta cikinsu. Yankari na ƙasar Bauchi an keɓe shi a shekarar 1956. Kamuku na ƙasar Birnin Gwari, wanda ya fi kusa da mu, an keɓe shi a 1936, ya zama gandun Gwamnatin Tarayya a 1999. Kafin ka fita, ka tambayi ma'aikatan gandun daji na ƙaramar hukumarka abin da aka halatta a wurin, da takardar da a ke bukata.

Wani hatsari kuma ya ƙaru wanda iyayenmu ba su sani ba. A shekarun da suka biyo bayan 2010 ɓarayin shanu da masu satar mutane suka mai da manyan dazuzzuka maɓoya, har da Kamuku. Tun daga nan duk wanda aka gani da bindiga a wurin da ba a san shi ba, zarginsa a ke yi. A watan Maris na shekarar 2025 an kashe mafarauta 16 a garin Uromi na Jihar Edo, suna kan hanyarsu ta komawa Kano, domin an ga bindigogin farauta a motarsu an ce masu satar mutane ne. Sabo da haka fitar yaro ta fari ta zama a dajin ƙauyenku, inda aka san ka, aka san ubanka. Ka gai da mai gari da Sarkin Baka, ka gaya musu inda za ku da lokacin da za ku komo. Su ne suka san gefen da ke lafiya a wannan makon.

Shiri tun daga gida

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun da sauran mako guda ka soma gwada yaro a gida. Ka ce masa ya zauna a zaure shiru, ba motsi, ba magana, gwargwadon dahuwar shinkafa. Ka koya masa alamu da hannu: tsaya, durƙusa, zo, koma baya. In ka ce tsaya ya ƙara taki ɗaya, ko ya ce "Don me?", bai isa zuwa ba tukuna. Yawan shekaru ba ya nuna yaro ya isa. Jin magana ne ke nunawa.

Kayansa su ne takalmi mai rufe ƙafa, da dogon wando, da gorar ruwa, da ɗan guzuri, da sanda. A wuyansa a rataya masa usur. Ka gaya masa, "In ka ɓace mini, kada ka yi ta gudu kana nemana. Ka zauna gindin itacen da ya fi kusa, ka yi ta busa usur, ni zan zo." Yaron da ya zauna wuri ɗaya an fi saurin samunsa da wanda tsoro ya sa ya yi ta kutsawa.

Ku fita da asuba, ku komo kafin rana ta take. Babba ɗaya, yaro ɗaya. Mutum ba ya iya duban nama da yara biyu a lokaci guda.

Karatun daji

A shekarar fari aikin yaro ɗaukar gora ne da kallo. Yana tafe bayanka, kusa yadda in ka miƙa hannu za ka taɓa shi, a gefen da bakin bindiga ba ya duba.

Ka kai shi mashaya da sassafe, inda laka ta riƙe sawu. Ka nuna masa yadda kofaton gada ya ke, ƙanƙane mai tsini, da yadda ya bambanta da na akuya. Ka nuna masa sabon sawu mai kaifin baki, da tsoho wanda iska ta share gefensa. Ka sa ya murje kashin nama da tsinke, ya ga ɗanye ne ko busasshe. Wannan ma karatu ne, kamar yadda kai ka koyi rarrabe baƙaƙe a kan takarda.

Sa'an nan ka koya masa iska. Naman daji da hanci da kunne ya ke tsaron kansa. In iska ta ɗauki warinka ta kai masa, ya tafi tun ba ka gan shi ba. Maharbi ya kan ƙulla toka a tsumma, ya kaɗa, ya ga inda ta nufa, sa'an nan ya yi tafiya iska na bugun fuskarsa. Da hunturu iska daga arewa maso gabas ta ke zuwa, sabo da haka ta kudu maso yamma a ke zagayo wurin da a ke tsammanin nama. Ka ba yaro ƙullin tokar, ka ce aikinsa ke nan. Yaron da aka ba aiki ba ya ƙosawa.

Abin da ba ka gani sarai ba

Wannan shi ne babban darasi, kuma ni a wurin kawuna na koya, ina ɗan shekara 13. Wata safiya muna laɓe a bakin wata fadama, sai na ga ciyawa tana motsi, na hango wani abu ja yana gilmawa. Gabana ya yi ta bugawa. Na matso na raɗa masa, "Kawu, ga mazo! Harba, zai tsere!" Bai ko ɗaga bindiga ba. Ya dafa kafaɗata, muka yi shiru. Jim kaɗan sai ga jan maraƙi ya fito, wani ɗan Fulani da bai kai ni ba yana biye da shi, hannunsa a kan gadon bayansa. Yaron ya gaishe mu ya wuce, bai san abin da ya auku ba.

Da suka yi nisa kawu ya ce, "Ɗana, ka ga kai?" Na ce a'a. "Ka ga ƙaho?" Na ce a'a. "To, me ka gani?" Na ce ja na gani. Ya ce, "Da na bi bakinka, yau da wace fuska za mu shiga rugar nan?" Ranar ban iya cin tuwo ba.

Ka koya wa ɗanka tambayoyi uku, ya amsa su a ransa kafin a saki kibiya ko a ja kunama. Na ga kai da jiki duka, na san ko wane nama ne? Namiji ne, ko mace mai ɗa? Mene ne a bayansa? Gama harsashi in ya kuskure nama ba ya tsayawa, yana iya kai wa ga mai itace, ko makiyayi, ko bukkar gona. Ba a harbin motsin ciyawa, ba a harbin ƙara, ba a harbin idon da ya yi ƙyalli da dare. Idon saniya da na jaki su ma suna ƙyalli in an haska musu fitila, makiyayi kuwa yana kwance kusa.

Maharbanmu suna da wata dabara tun ta kakanni. Mutum ya kan ɗaura kan burtu a goshinsa, ya yi rarrafe yana sunkuyar da kai kamar tsuntsun yana kiwo, har ya matsa kusa da nama. Dabara ce mai kyau, amma abin da ya ruɗi gwanki yana iya ruɗin wani maharbi. Kada a sa wa yaro burtu a wurin da akwai wata bindiga.

Mutanen Amurka ma sun sha irin wannan hasara. A shekarar 1949 Jihar Niyok ta fara tilasta wa sabon mafarauci ya yi karatun kiyaye hatsari kafin a ba shi lasin, sauran jihohi suka bi. A wurare da yawa kuma doka ta sa mafarauci ya sa riga ko hula mai launin lemo mai haske. Masana sun gano cewa idon barewarsu ba ya rarrabe wannan launi da na ganye kamar yadda idon mutum ke yi, amma ɗan'uwansa mafarauci yana hango shi daga nesa. Wannan abin koyi ne mai araha. Ka sa wa ɗanka hula mai irin wannan launi.

Baka da kibiya

A shekara ta biyu, in ya nuna hankali, a ba shi ƙaramin baka daidai ƙarfinsa, da kibau marasa dafi. Ya yi koyo a bayan gari, a kafa masa kabewa a gindin suri, domin surin ya tare kibiyar da ta kuskure. Ya fara daga taki 10. Sai ya iya samu sau da sau kafin a ƙara nisa. Kada ya ɗana kibiya sai ya ga ba kowa a gabansa, kada kuma ya harba sama, gama abin da ya hau sai ya sauko.

In akwai tsohon kwari a gidanku mai kibau da aka shafa wa dafin kwankwani, a kau da shi inda yaro ba zai kai ba. Wannan dafi zuciya ya ke tsayarwa, ɗan ƙwarzane ya isa, kuma daɗewa ba ta sa a amince da shi.

Ladabin bindiga

Ko da ya ke yaro ba zai riƙe bindiga ba sai ya kai shekara 17, tun yanzu ya ke koyon ladabinta, a wurinka kuwa ya ke koyo. Abin da ya ga kana yi shi zai yi.

Kowace bindiga a ɗauka a ɗure ta ke, ko wa ya ce babu kome ciki. Bakinta kada ya dubi mutum, ko da wasa. Yatsa kada ya shiga wurin kunama sai an auna an tabbata. Ba a tafiya da kunama a ɗane. Ba a tsallake rafi, ko shinge, ko hawan itace da bindiga a ɗane, ba a kuma jawo ta ta baki. Ba a dogara ta kamar sanda, gama in laka ta toshe bakin, aka harba, bututun na iya fashewa.

Bindigar gargajiya, wadda a ke ɗura wa albarushi ta baki, tana da nata sharuɗɗa. Ka zura sandar ɗuri cikinta sa'ad da babu kome, ka yi wa sandar alama daidai bakin. Daga nan duk ran da ka zura ka ga alamar ta tsaya sama, ka san akwai ɗuri ciki, kada ka ƙara wani a kai. Ɗuri biyu shi ke fasa bindiga ya tafi da yatsu. Kada ka farke harsashin zamani ka zuba garinsa ciki, gama ya fi albarushi ƙarfi nesa, bututun maƙera ba ya ɗaukarsa. Bayan an harba a dakata kaɗan kafin a sake ɗuri, domin tartsatsi ya kan saura ciki. In aka ja kunama ba ta tashi ba, kada a juyo bakin a leƙa. Wani lokaci wuta tana cin albarushin a hankali. A riƙe ta tana duban inda aka auna har minti guda ya wuce.

Sa'ad da za ka harba, yaro ya durƙusa a bayanka ya toshe kunnuwansa, gama ƙarar tana rage ji, jin da ya tafi kuwa ba ya komowa. A gida a sauke ɗuri, a kulle bindiga wuri dabam, albarushi wuri dabam, nesa da murhu. Kada kuma ka yarda kowa ya gwada laya ko maganin bindiga a jikin ɗanka. An binne mutane da dama ta wannan hanya.

Bayan an harba

Wurin da a ke auna shi ne haƙarƙari, dab da bayan ƙafar gaba, inda zuciya da huhu su ke. In nama ya yi nisa, ko yana gudu, a bar shi. Raunata dabba ta tafi ta mutu a banza zalunci ne, kuma hasara ce.

In nama ya ruga da rauni, yaro zai so ya bi a guje. Ka riƙe shi. Ku zauna kaɗan, gama naman da ba a kora ba ya kan kwanta kusa, wanda aka kora kuwa ya kan yi nisa. Sa'an nan ku bi jini. Jini mai haske da kumfa na huhu ne, nama bai yi nisa ba. In ka ga ɗanyen tunƙa gauraye da jinin, a tumbi aka same shi, sai a daɗa jira. Kai ne a gaba, yaro a baya. A je wa nama ta bayansa, nesa da ƙaho da kofato, a taɓa shi da doguwar sanda tukuna. In da sauran rai, babba ne zai yanka, da sunan Allah, da wuƙa mai kaifi.

In za a ɗauko gada a kafaɗa, a rufe kanta da ƙahonta da mayafi mai haske, kada wani ya hango ƙaho yana tafiya bisa ciyawa. Naman da aka tarar ya mutu da kansa ba a taɓa shi. Mai ciwo a hannu kada ya yi fiɗa. A wanke hannu da sabulu, a dafa nama ya nuna sarai.

Maciji

A dajinmu maciji ya fi ƙaho ɓarna. Kububuwa ƙarama ce, launinta kamar ƙasa, sarar ta kuwa tana hana jini daskarewa. Kasa ba ta gudu, kwanciya ta ke yi a kan hanya har a taka ta. Sabo da haka yaro kada ya zura hannu a rami, ko kogon itace, ko suri. In maciji ya sare shi, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A kwantar da shi, a cire zobe ko abin hannu, a ɗaura wa ƙafar sanda kamar mai karaya domin kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa asibiti nan da nan, inda a ke allurar dafin maciji. In kumurci ya tofa masa a ido, a yi ta wankewa da ruwan gora mai yawa, sa'an nan a tafi asibiti. Tun kafin ku fita ka san asibitin da ya fi kusa, da wanda zai kai ku a babur.

Farautar taro

Akwai farautar da a ke yi wa gangami, garuruwa su haɗu da karnuka da gora da barandami, ana kiɗan gangi. Ita ce ta fi jan hankalin yara, ita ce kuwa ta fi hatsari. Mutane suna jifa ta kowane gefe, ƙura ta tashi, wani ya cinna wa ciyawa wuta, sau da yawa kuma a kan yi faɗa a kan nama har a zub da jini. Ba nan a ke fara kai yaro ba. In ya girma, ya san daji, ya iya riƙe zuciyarsa, sa'an nan a yi shawara.

Komowa gida

Sau da yawa za ku komo hannu wofi. Kada ka nuna ɓacin rai, gama in yaro ya ga nama kaɗai ke faranta maka, wata rana zai harbi abin da bai gani ba domin ya gamshe ka. A kan hanya ka tambaye shi sawu nawa ya gane, ta ina iska ta ke, me ya sa ka ƙyale macen gadar nan. In ya amsa daidai, ka yaba masa a gaban uwarsa. Ranar da ya dafa hannunka da kansa ya ce, "Baba, dakata, ban ga kanta ba," ka san koyarwarka ta kama, za ka iya soma tunanin ba shi baka.